Waiwaye: Kawu da Abokansa Masu Zarton Inji

Yankin Kumbotso da na tashi a cikinsa, a shekarun 1980, wuri ne da gona da masana'anta suke maƙwabtaka. In ka taso daga Panshekara ka nufi Challawa, gefe guda gero ne da dawa da manyan bishiyoyin ɗorawa, ɗaya gefen kuma dogayen katangu ne na kamfanonin jima da masaƙu da masu yin robobi. Bompai ce ta fara tara masana'antu a Kano, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, suka bunƙasa a lokacin da kuɗin man fetur ya cika ƙasa. Da asuba hanya takan cika da masu kekuna, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a baya, jiniyar canjin aiki kuwa ita take gaya wa matan unguwa lokacin ɗora tukunya ya yi.

Waɗannan kamfanoni sun fitar da atamfa da fata da bokitai, amma sun kuma horar da wani irin mutum da yau ya yi ƙaranci, wato fita, ma'aikacin da aikinsa kula da lafiyar injina. An koya masa cewa inji ba ya mutuwa dare ɗaya, sai ya daɗe yana ba da alama. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfe, ya kanga kunne a ƙotarta, ya gaya maka wane boris ne ya kusa cinyewa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗaya ne daga cikinsu. Ya daɗe yana wannan aiki a wata masaƙa, kuma a gidansa na yi yawancin ƙuruciyata.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin sauya fasalin tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyara da ake sayowa daga waje suka yi tsadar gaske. Wutar lantarki ta zama sai ta ga dama, duk da cewa babbar tashar da ke karɓo wa Kano wuta a nan Kumbotso take. Daga baya yadi mai araha daga ƙasashen waje ya cika Kantin Kwari. Masaƙu suka soma rage ma'aikata, wasu suka garƙame ƙofa. Kowa ya kama gabansa da ɗan kuɗin sallamarsa. Wasu suka sayi babur suka shiga acaɓa, wasu suka kafa injin niƙa, wasu suka sayi injin ban-ruwa suka koma fadamar kogin Challawa. Kawu kuwa zarton inji ya saya.

Dangi ba su ji daɗi ba. A wurinmu faskare aikin 'yan ci-rani ne, masu yawo da gatari a kafaɗa suna bin lungu. Mahaifiyata ta ce masa, "Yanzu kai da saninka na inji, ka rasa abin yi sai saran itace?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ba itace na saya ba, inji na saya." A lokacin an ɗauka kare kansa kawai yake yi. Shekarun da suka biyo baya sun nuna iyakar gaskiyarsa ya faɗa.

Injin Stihl 070 ne, na hannu, ya saye shi wurin wani mutumin kudu da ke kawo kaya kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa. Ƙirar Jamus ce ta ƙarshen shekarun 1960, mai girman siisii 106, wato ya ɗara injin babura da yawa da ake acaɓa da su. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa dogon ƙarfen da sarƙa take zagayawa a kai. Irinsa ne masu tsaga katako suke shiga dazukan Edo da Ondo da Kuros Riba da shi, domin ba ya gudu da yawa amma ba ya gajiya, kuma ba shi da wani abu a ciki da bakanike mai sifana da sukudireba ba zai iya kwancewa ba. Kafin ya taɓa itace da shi, Kawu ya shimfiɗa buhu a zaure ya warware shi kaf. Ya jera kowane noti bisa tsarin da ya cire shi, ya wanke komai da kananzir, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ƙofar Ruwa da kasuwar Sabon Gari yana neman zoben fistin da filogi na asali. Ranar da ya tayar da shi, yaran layinmu gaba ɗaya suka taru a ƙofar gida. Tun daga ranar sunan injin ya zama Bajamushe, har matan gida haka suke kiransa.

Duk wanda ya san mai doki a Kano ya san Kawu. Mai doki na gaskiya ba ya zama cin tuwo sai ya tabbata an zuba harawa, an ba da ruwa da kanwa, an goge jiki, an duba kofato, kuma ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ba ya ba aron hawa. Haka Kawu yake da Bajamushe. In ya dawo daga aiki, ko da magariba ta kawo jiki, salla kaɗai take shiga tsakaninsa da injin. Zai cire matatar iska ya kakkaɓe, musamman da hunturu, lokacin da ƙura take toshe ta kafin rana ta raba. Zai bi kwarin ƙarfen da tsinke ya fitar da garin itacen da ya cakuɗe da mai, ya buɗe ɗan ramin da mai yake bi ya isa sarƙa. Yakan juya ƙarfen, sama ya koma ƙasa, don kada gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya. Sannan ya sassauta sarƙar, domin in ta yi zafi miƙewa take yi, in ta huce kuma ta tsuke, wanda ya bar ta a ɗaure tamau ya kwana yana cutar da injinsa bai sani ba. Sai ya gama wannan duka zai ce a kai masa ruwan wanka.

Batun mai kuwa, nan ne ba ya wasa ko kaɗan. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba man inji daban, a cikin fetur ake haɗa shi, kuma shi ne kaɗai abin da yake hana fistin cin jikin silinda. Ma'aunin da ake bi a lokacin shi ne kashi 25 na fetur, kashi 1 na mai, wato lita 5 ta fetur tana ɗaukar mililita 200. Kawu yana da ɗan gwangwaninsa na awo da ba wanda yake taɓawa. A zamanin Janar Sani Abacha, da layin mai ya zama abin kwana, 'yan bumburutu sukan gauraya fetur da kananzir. Kawu sai ya ɗiga ɗan kaɗan a farar takarda ya jira. In ya bushe bai bar tabo ba, ya saya. In ya bar maiƙo, ya mayar wa mai shi, ko da kuwa akwai aiki yana jiransa. Na sha ganin ya haƙura da kuɗin yini saboda wannan. Yakan kwance filogi ya nuna mini bakinsa: in ruwan ƙasa ne, inji lafiya lau, in baƙi ne da danshi, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, to a tsaya, inji yana ƙonewa daga ciki. Mutane da yawa baƙin man da aka juye daga mota suke zuba wa sarƙa saboda araha. Shi sai dai in ya rasa yadda zai yi, kuma ko a nan sai ya tace shi da ƙyalle ya bar shi ya kwanta.

Amma zuciyar sana'ar ita ce wasa sarƙa. A nan ake gane wanda ya iya da wanda yake riƙe da inji kawai. Haƙoran sarƙa a jere suke, ɗaya ya kalli dama, na bayansa ya kalli hagu, kuma a gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da yake ƙayyade zurfin da zai ci. Kawu yakan maƙale ƙarfen a jikin kututture, ya ɗauko siririn magagari mai zagaye, ya karkata hannu daidai digiri 30, ya tura gaba kawai, ba ya ja da baya. Yawan turin da ya yi wa haƙori na farko shi zai yi wa na ƙarshe. In haƙoran gefe ɗaya suka fi na ɗaya gefen tsawo, zarto zai riƙa karkacewa a cikin itace, mai shi ya yi ta zargin ƙarfe alhali hannunsa ne. Aikina shi ne in shafa wa haƙorin farko alli don a san inda aka faro. In muna wurin aiki yakan ce mini, "Ɗan nan, ƙasa za ka duba, ba inji ba." Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take zubarwa. Da zarar ta fara fitar da gari mai laushi, ta dakushe, sai a kashe inji a zauna a wasa, komai gaggawar mai aiki.

Da na girma na karanta asalin wannan haƙori, na ba shi labari. Wani mai saran itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, shi ne ya tsaya yana kallon tsutsar wani ƙwaro tana cin kututture da muƙamuƙanta biyu, wannan ya yanka ta dama, wancan ta hagu. Ya kwaikwayi abin da ya gani ya ƙera sarƙa, ya fara sayar da ita a 1947, kuma tsarinsa ne ake bi har yau. Kawu ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah! Ashe wurin tsutsa aka yi karatun." Ya daɗe yana ba abokansa wannan labari, kowane lokaci da ɗan ƙari.

Abokan nan su ne majalisarsa. Ranar Lahadi da yamma sukan haɗu a gindin wata darbejiya kusa da 'Yan Katako. Akwai tsofaffin fitoci irinsa daga Sharaɗa da Bompai, akwai Yarabawa da suka koyi aikin a dajin kudu, akwai Inyamurai masu sayar da kayan gyara, akwai mutanen Binuwai. Hausa ce take haɗa su, sai sunayen sassan inji da kowa ya sani. Kowa yakan zo da injinsa ko da ba aikin yi, a goge tas. Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce tsakanin mutanen Stihl da mutanen Husqvarna. Na farko su ce nasu ne tushe, tunda Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a Stuttgart tun 1926. Na biyu su ce nasu ya fi sauƙin ɗauka da saurin yanka, kuma kamfaninsu na Suwidin ya girmi kowa, domin tun 1689 aka kafa shi don ƙera bindigogi, har yau tambarinsa hoton saitin bindiga ne, ko da yake sai 1959 ya fara yin zarto. Ba a taɓa raba wannan gardama ba, kuma ba na jin akwai mai son a raba ta.

Suna da wasanninsu. Wani zai koma bayan katanga ya tayar da inji, a ce wa sauran su faɗi na wane ne, kuma da wuya su kuskure. Akwai gasar wanda injinsa zai tashi da ƙarancin jan igiya bayan ya kwana a sanyi. Akwai ta yanka faifai daga gungume: wanda nasa ya fi siranta, ya fita daidai ba karkata, shi ne gwani. Ba kuɗi ake sawa ba. Wanda aka kayar dai zai sha tsiya har mako ya zagayo. In wani ya zo da inji yana tari, sai ka ga mutum biyar sun durƙusa a kansa, kowa yana ba da shawarar yadda za a juya 'yan sukurorin kafireta, mai shayi yana ta zubawa, ba wanda zai karɓi ko kwabo na gyara.

A nan ne na gane cewa abin ya wuce neman abinci. Mai neman abinci inji ɗaya ya ishe shi. Kawu kuwa in ya ji labarin wani mataccen zarto a wurin 'yan gwangwan, ba ya samun barci sai ya je ya gani. Ya sayo gawarwakin injina da ba ya bukata, ya kafa musu katako a bangon zaure, ya yi watanni yana neman wani ɗan ƙarfe guda da zai tayar da ɗayansu. In ya tashi, ya ji ƙararsa, ya yanka gungume ɗaya, sai ya goge shi ya mayar kan katako. Matarsa takan yi lissafin buhun masara nawa kuɗin zai saya, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba. Ya sa wani baduku ya ɗinka wa ƙarfen Bajamushe kube na jar fata, har da ado a baki. Yana da wata tsohuwar takarda mai zanen sassan inji, da Jamusanci da Turanci, ya naɗe ta a leda yana ajiye ta tare da takardun gida.

Aro kuwa babu. Wani attajirin unguwa ya taɓa aiko yaronsa a ba shi injin ya rage rassan mangwaro a gidan gonarsa. Kawu ya sa riga ya tafi da ƙafarsa ya same shi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, wannan inji tare muke fita. In aikin na gaggawa ne, gobe bayan asuba ina nan, kuma ba sai an biya ni ba." Haka aka yi. Wasu suka ce rowa ce. Amma mai rowa ba ya yin aikin yini kyauta. Abin da yake tsoro shi ne hannun da bai san awon mai ba, da kuma ƙafar yaron da bai san inji yana harbi ba.

Wannan sha'awa ta zarton inji ba a Kumbotso kaɗai take ba. A Amurka da Kanada da Jamus da Ostareliya akwai mutanen da suke tara tsofaffin zartuna suna gyarawa, wasu ba su da ko bishiya ɗaya da za su sare. Akwai masu sassaƙa siffofin dabbobi da zarton inji. Tun 1985 kamfanin Stihl yake shirya gasar saran itace, inda ake fafatawa har da wasu zartuna da aka ƙara wa ƙarfi fiye da kima don gasar kaɗai. Su hutu ne da rarar kuɗi suka kai su. Mutanenmu rashin aiki ne ya kai su. Amma abin da ya riƙe su duka iri ɗaya ne, a ganina. Injin masaƙa ya fi ɗaki girma, na wani ne, kuma fita ɓangare ɗaya kawai yake kula da shi. Zarto kuwa mutum ɗaya zai iya saninsa daga igiyar tayarwa har bakin ƙarfe. In ya kyautata masa da daddare, da safe zai ga sakamako a hannunsa. In ya yi sakaci, ba manaja ko injiniyan da zai ɗora wa laifi. Mutumin da aka miƙa wa takardar sallama bayan shekaru yana bauta wa injin wani, ba ƙaramin abu ba ne ya samu injin da ba mai raba shi da shi.

Aiki kuwa akwai shi. Guguwar farkon damina takan kayar da darbejiya da turare a kan katangu da wayoyin wuta, a harabar kamfanoni da makarantu. Gidajen burodi da masu dafa abincin sayarwa suna son gungume a yanka musu daidai bakin murhu. Masassaƙa suna neman kirya don turmi da taɓarya, ita kuwa taurinta yana sa a wasa sarƙa sau da yawa kafin a gama. Da kananzir ya yi wuya aka shiga amfani da murhun da ake kira Abacha, wanda ake cusa wa garin katako, har sharar aikinmu ta zama abin nema, yara suna biyo mu da buhu. Bishiyar cikin gari ita Kawu ya fi tsoro, saboda ƙusoshi da wayoyin da masu shago suka kafa mata shekara da shekaru, itace ya haɗiye su. Ƙusa ɗaya tana iya lalata sarƙar da aka kwana ana wasawa. Shi ya sa kafin ya ja igiya yakan zagaya bishiya yana shafa ta, ya duba inda ta karkata da inda iska take kaɗawa, ya share hanyar da zai ja da baya. Sai ya buɗe mata baki ta gefen da yake so ta faɗi, ya koma baya ya yanka sama kaɗan da wancan, ya bar wani siririn itace a tsakiya da zai riƙe ta har ta kwanta inda aka nufa.

Akwai kuma bishiyoyin da ba ya taɓawa in suna da rai. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar amfanin gona ya sha rana, ya ba ƙasa taki, da rani ya ba dabbobi abinci. Ɗorawa tana ba da kalwa da ake daddawa da ita. Tsamiya da kuka kuwa, ban da kunu da miya, tsofaffi suna cewa suna da masu su, Kawu kuma ba ya musu da tsofaffi. In gona ta gado ce ba a raba ba, sai ya ji daga bakin mai unguwa. Wannan tarbiyya ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a wurin manoman yankin ya gaje ta. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin karkarar da ta kewaye Kano, ya nuna cewa duk da yawan jama'a manomanta sun riƙe bishiyoyi a gonakinsu, rassa suke sara su bar uwa. Ba zan ce Kawu da abokansa ba su kayar da bishiyar da ta kamata a bari ba. Sun kayar, domin akwai ranar da cefane yake fin ƙarfin ra'ayi. Amma mutumin da yake tausayin sarƙarsa ba ya yin aiki da gaggawa, ba ya karɓar kowane aiki, kuma ba ya shiga daji da dare. Son injin ya zame musu birki.

Sana'ar ta karɓi nata haraji a jikinsu. Likitoci suna cewa ƙarar da ta wuce desibel 85 tana cutar da kunne in an daɗe a cikinta, zarton inji kuwa yana haura 100. Ba mai toshe kunne a cikinsu, sai ɗan audugar da wasu suke cusawa. Kawu ya tsufa sai an ɗaga murya yake ji, yatsunsa kuma suna yin sanyi su mutu saboda girgizar ƙarfe. Tsohon 070 ba shi da birkin sarƙa irin na injinan yanzu, kuma in saman bakin ƙarfe ya taɓa reshe, inji yakan harbo sama ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido. Kusan kowa a majalisar yana da tabon da zai nuna.

Bayan shekara ta 2000 abubuwa suka juya. Zartuna masu araha, kwaikwayon na asali, suka cika kasuwa, launi ɗaya, siffa ɗaya, kuɗi kuwa ko kusa. Mai kuɗi ya sayi biyar ya ba yara haya, su kawo balas da yamma. Yaron da zai biya balas ba shi da lokacin wasa sarƙa ko tambayar wa ya dasa bishiya. In inji ya mutu a jefar a sayi wani. A daidai wannan lokaci gonakin Danbare da Mariri da Chiranchi da Panshekara suka koma fulotai. Ƙidayar 2006 ta samu kusan mutum 300,000 a ƙaramar hukumar Kumbotso, kuma kowa ya san yadda aka ƙaru tun daga nan. A Zawaciki, inda muke zuwa tsintar ɗorawa, tashar tsandauri ta Dala ce aka buɗe a 2023. A shekarar kuma aka cire tallafin mai, gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, gawayi ya zama abin dafa abincin gidaje masu yawa, manyan motoci suna shigowa da shi daga dazukan da suke ta ƙara nisa. Majalisar Lahadi ta watse a hankali, wasu sun rasu, wasu sun koma garuruwansu.

Kawu ya daina fita aiki tun ƙarfinsa bai ƙare ba, ya ce ba zai yi tseren farashi da yaran haya ba. Amma bai sayar da ko ɗaya daga injinansa ba. Yakan sauko da su lokaci-lokaci ya tayar, ya gyara wa masu kawo nasu, ya yi musu faɗa a kan awon mai. Da Allah ya yi masa rasuwa, magada suka bar wa babban yaronsa na sana'a Bajamushe, kamar yadda ya yi wasiyya, kuma har yanzu yana aiki da shi.

A 2025 gwamnatin Jihar Kano, ta hannun ma'aikatar muhalli, ta hana amfani da zarton inji ba tare da lasisi ba, ta kuma wajabta neman izini kafin a sare bishiya, da dasa wasu a madadinta. Doka ce da ta dace, har ma ta makara. Sai dai takarda kaɗai ba ta koya wa yaro wasa sarƙa, ba ta koya masa bambanta gawo da busasshen turare. Har yanzu akwai ragowar tsofaffin masu wannan sana'a a Na'ibawa da Panshekara da Sharaɗa, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Kirana ga hukuma shi ne ta nemo su, ta sa su cikin masu horar da duk wanda zai karɓi lasisi, ta haɗa da tilasta abin toshe kunne da na kare ƙafa. Ku kuma matasa masu riƙe da zarto a yau, ku yi rajista, ku nemi wanda ya riga ku ku zauna a gabansa, kuma duk bishiyar da kuka kayar ku tabbata kun dasa wata kun shayar da ita har ta kama.